Ƙanwata ta daina shan ƙwayar ƙiba, sai jiri da amai: wane gwaji ya kamace ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ƙanwata ta yi wata biyar tana shan ƙwayar deksametazon domin ta yi jiki kafin aurenta. Da fuskarta ta kumbura muka hana ta, ta daina rana ɗaya. Yanzu kasala ta rufe ta, tana amai, jiri yana ɗibarta idan ta miƙe. An ce a auna jininta da ƙarfe 8 na safe. Mene ne ake nema? Daga wata 'yar'uwa a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Kafin bayani, ina roƙonki kada ku jira ranar gwaji idan aman ya ci gaba ko ta fara fita hayyacinta. Ku kai ta babban asibitin Zinder nan take, ku tafi da kwalin ƙwayar a hannu, domin a irin wannan hali allurar haidirokotizon (maganin da ke maye gurbin sinadarin da jikinta ya rasa) ta miligiram 100 da ƙarin ruwa su ne ke ceton rai, kuma ba a jinkirta su don jiran sakamako.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da nauyinta bai wuce giram 5 ba, wadda ake kira adirenal, a takardun asibitinmu na Faransanci kuma surenal. Ita ke samar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukari, musamman lokacin zazzaɓi ko rauni ko haihuwa. Ba ta aiki sai da umarnin wani sinadari mai suna ACTH, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Deksametazon kotizol ne na kanti wanda ya ninka na jiki ƙarfi kamar sau 25, don haka idan mutum ya wuce mako uku zuwa huɗu yana shansa, ƙwaƙwalwa takan ga kaya sun wadata ta daina aika umarni, tsokar kuma ta kwanta ta motse. Kumburin fuskar da kuka gani, da zane-zanen da kan fito a ciki da cinya, alamun yawan sinadarin ne. Da aka yanke ƙwayar farat ɗaya, sai jikin ya wayi gari babu na kanti babu na gida. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake sayar wa 'yan mata wannan magani a bisa tire kamar alewa, haka ma mayukan bilicin masu ɗauke da kilobetazol, waɗanda kan yi irin wannan ɓarna ta hanyar fata.

Abin da ake nema a jinin shi ne adadin kotizol, kuma dalilin sa ƙarfe 8 shi ne yana hawa kololuwa da sassafe, ya yi ƙasa da tsakar dare, saboda haka adadi kaɗan da yamma ba ya nuna komai. Ga wanda ya daɗe a kan irin wannan magani, idan sakamakon safe ya haura nanomol 300 a lita, tsokar ta farfaɗo. Idan bai kai 150 ba, har yanzu tana kwance, dole a ci gaba da ba mara lafiyar ƙaramin adadin maganin. Tsakanin biyun sai a maimaita bayan wasu makonni, ko a yi wa mara lafiyar allurar Synacthen (wato ACTH na kanti) ta maikirogiram 250, a ɗebi jini bayan minti 30 da minti 60 a ga ko tsokar za ta amsa kira. Ku faɗa wa ma'aikacin labo duk abin da take sha ko shafawa, domin firedinizolon, wani magani dangin deksametazon, yakan rikita na'ura, ƙwayar tsarin iyali mai isturojin kuma takan sa adadin ya hau fiye da gaskiyarsa.

Zan so a auna sodiyom da fotasiyom da sukari tare, domin su ke taimaka mana mu bambanta matsalarta da cutar Adison, wadda likita Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855. A can tsokar ce da kanta ta lalace, kuma a ƙasashenmu tarin fuka na cikin manyan dalilai. Mai ita fotasiyom ɗinsa yakan hau, ACTH ya yi yawa, layukan tafin hannunsa da dasashinsa su yi baƙi, ya riƙa kwaɗayin gishiri. A wajen ƙanwarki muna sa ran fotasiyom daidai, ACTH ƙasa. Shi gwajin ACTH yana da wuyar sha'ani, domin jinin yana buƙatar ƙanƙara tun daga ɗiba, kuma a zafin Damagaram na bazara yakan lalace kafin ya isa na'ura.

Maganinta a komar da ita kan adadin da ya dace, a riƙa ragewa sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita, abin da kan ɗauki watanni. Har sai an tabbatar ta warke, kada ta ɗauki azumi ba tare da shawarar likitanta ba, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kama ta, a sanar da shi a ƙara mata adadin maganin a ranar.