Mai wa'azi ya ce rashin warkewa ƙarancin bangaskiya ne

Tambaya: Wani mai wa'azi ya ce duk wanda aka yi wa addu'a bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza, ya kawo Markus 11:24, inda Yesu ya ce duk abin da kuka roƙa da addu'a, ku gaskata kun samu, za ku kuwa samu. Mahaifiyata tana kwance. Laifi ne in yi shakkar maganarsa? Daga wata mai karatu a Maradi.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ƴar'uwa. Ba laifi ba ne. Yakubu 3:2 ya ce dukanmu mukan yi tuntuɓe, kuma da malamai ya fara zancen. Bitrus kansa ya kauce a Antakiya, Bulus ya tsawata masa ido da ido (Galatiyawa 2:11). Mutanen Biriya ma yabo suka samu don suna bin Nassi kullum, suna tantance wa'azin Bulus (Ayyukan Manzanni 17:11).

Ki fara da karanta surar Markus 11 dukanta, domin yawancin kuskure daga tsinke aya guda yake fitowa. Sannan ki gwama ta da sauran wuraren da suka taɓo cuta. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:8-9). Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da ciwo a Militas (2 Timoti 4:20). Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Ke ma kina iya kuskuren fahimta, saboda haka ki nuna wa wani dattijon ikilisiya abin da kika gano. In za a yi wa mai wa'azin magana, a keɓe, kamar yadda Bilkisu da Akila suka jawo mai wa'azi Afolos gefe suka ƙara fahimtar da shi. Mama kuma a ci gaba da kai ta likita, ana addu'a.