Gado da rikicin fili: wace kotu ce ke da hurumi?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar gida a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma gidan yana da takardar mallaka ta gwamna. Mun kai maganar rabon gado kotun shari'ar Musulunci, sai wani maƙwabci ya fito ya ce marigayin ya sayar masa da rabin filin tun yana raye. Shin alƙalin da ke raba mana gadon zai iya yanke wannan rikicin, ko sai mun je wata kotu?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashi. Malam, tambayarka ta taɓo abin da masana shari'a ke kira hurumi, wato ikon da doka ta ba kotu na sauraren wata irin ƙara, kuma a kansa ne shari'o'i masu yawa ke rushewa bayan an ɓata shekaru da dukiya.

Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci manyan kotuna da sunayensu, sannan ya bar wa majalisun dokoki damar kafa ƙananan kotuna. A Jihar Kaduna ƙananan su ne kotunan majistare, da kotunan shari'ar Musulunci, da kotunan al'ada, kuma biyun ƙarshen sun maye gurbin kotunan yanki ne a shekarar 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. A waɗannan kotuna talaka ya fi samun biyan buƙata, domin suna kusa da shi, kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, kuma a kotun shari'a yana iya tsayawa ya yi bayaninsa da Hausa ba tare da lauya ba. Sai dai kowace daga cikinsu tana da iyakar da dokar kafa ta ta shata mata. Majistare, alal misali, yana sauraren ƙananan laifuffuka da rikicin bashi har zuwa adadin da doka ta ƙayyade, amma laifin da hukuncinsa kisa ne sai Babbar Kotun Jiha.

Maganarku ta kasu biyu. Rabon gado tsakanin magada Musulmi yana cikin hurumin kotun shari'a ba tare da wata tantama ba, kamar aure da saki da riƙon yara da wasiyya da kyauta da waƙafi, don haka kun je inda ya dace. Da'awar maƙwabcinku kuwa ba maganar gado ba ce, domin shi ba magaji ba ne. Abin da yake faɗa shi ne rabin filin ya fita daga hannun marigayin tun kafin rasuwarsa, wato takaddama ce a kan mallaka. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha ita kaɗai hurumin sauraren ƙara a kan filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa. Filin karkara da ke ƙarƙashin izinin ƙaramar hukuma ne sashe na 41 ya yarda ƙaramar kotu ta saurara. Tunda gidanku yana da takardar gwamna, rikicin mallakar na Babbar Kotu ne.

Na san abin da yakan zo wa mutane a rai: tunda dukkanmu Musulmi ne, kuma mun yarda da alƙalin, me zai hana ya gama komai a zama ɗaya? Amsar ita ce yardar masu shari'a ba ta ba kotu hurumin da doka ba ta ba ta ba. Tun a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka tabbatar cewa hukuncin da aka yanke ba tare da hurumi ba ɓatacce ne, komai kyawun yadda aka gudanar da shari'ar. Ana kuma iya tayar da wannan batu a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne, kuma wanda ya sha kaye shi ne yakan fara tayar da shi. Abin yana damuna ƙwarai in ga marayu sun yi nasara a takarda, sannan bayan shekaru a ce musu su koma farko.

Hanyar ɗaukaka ƙara ma ta bambanta. Wanda bai gamsu da rabon gado ba yana da hanya har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, amma sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita ikonta ga al'amuran iyali da gado, bai haɗa da rikicin mallakar fili da wanda ba magaji ba.

Shawarata ita ce ku sanar da alƙalin wannan da'awa a fili, ku roƙi a raba sauran dukiyar da babu jayayya a kanta, a jingine rabon gidan har sai an tantance mai rabin filin. Ku nemi maƙwabcin ya nuna takardar ciniki da shaidunsa, ku bincika a ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ko an taɓa yi wa cinikin rajista, domin sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya shar'anta samun amincewar gwamna kafin a sayar da irin wannan fili. Idan dattawan unguwa sun iya sulhunta ku, a rubuta sulhun kowa ya sa hannu. Idan sulhu ya ƙi, ku tafi da takardar gidan wurin lauya ya shigar muku da ƙara a Babbar Kotun Jihar Kaduna.