Amsar tambayarki kan fim ɗin makauniyar yarinyar nan

Wa alaikumussalam 'yata, ya karatu, ya su Innarki. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, yatsun ne ba sa sauri a wayar nan. Kin ce kin kalli Black, na Amitabh da Rani Mukerji, kin sha kuka, sannan kina tambaya wai a al'adarmu ana yarda malami ya raba yaro da iyayensa ya yi ta fama da shi haka, kuma wai da can yaya muke yi da yaron da ba ya ji ba ya gani. Toh zauna ki ji.

Shi Black ɗin a 2005 ya fito, a faifan sidi na kalle shi, kuma har na ɗan ji haushi da farko don fim ɗin Indiya ne amma babu rawa babu waƙa irin wadda muka saba tun zamanin silimar Plaza. Labarin kuma ba nasu ba ne, tushensa Amurka. Akwai wani tsohon fim marar kala na 1962 mai suna The Miracle Worker, Anne Bancroft ce malamar, Patty Duke ce yarinyar, dukkansu biyun sun ci Oscar da shi. Wannan shi ne ya bi labarin gaskiya na Helen Keller, wadda aka haifa a 1880 a garin Tuscumbia na jihar Alabama, tana da wata 19 zazzaɓi ya kama ta ya tafi da ji da gani. Malamarta Anne Sullivan ta iso gidan a watan Maris na 1887 tana 'yar shekara 20 kacal, ita ma idonta ba lafiya, a gidan marasa galihu ta taso kafin ta samu shiga makarantar makafi ta Perkins da ke Boston a lokacin. Kin ga a labarin asali mace ce ta koyar da mace, 'yan Indiya ne suka mayar da malamin namiji, kuma wannan ɓangaren kam ba na jin akwai gidan Bahaushen da zai miƙa 'yarsa ga namiji su kulle ɗaki su biyu ana koyarwa da taɓa hannu da fuska, ba za a ma fara zancen ba.

Amma raba yaro da iyayensa don ya samu tarbiyya, ai namu ne tun fil azal, shi ne riƙo. Ke kanki ba a hannun Gwaggo kika yi shekarun firamare ba? Mutanenmu sun daɗe da gane cewa idon uwa yana da taushi, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta ko kiran sunansa balle ta tsawata, sai a ba wa goggo ko kaka ko a kai shi gun malam. Abin da Anne ta nema kenan, ta tarar da Helen tana zagaya teburin cin abinci tana cusa hannu a kwanon kowa ba mai cewa uffan, wai tausayi, ta ce a ba ta yarinyar su koma wani ɗan ɗaki a bayan gida na mako 2. A tsohon fim ɗin na Amurka akwai wajen da suka yi kokawa a kan cokali, doguwar kokawa har sai da na gaji a madadinsu, daga ƙarshe yarinyar ta ci da cokali ta naɗe ƙyallen goge baki. Bayan mako biyun uban ya ce shikenan ai an gama, ta natsu. Malamar ta ce ba a fara ba ma, don natsuwa ko doki ana koya masa, ita so take yarinyar ta san cewa kowane abu yana da suna.

Nan ne nake ganin mu muka tsaya inda uban ya tsaya, kuma ba don rashin tausayi ba. Makaho a ƙasar Hausa yana da gurbinsa, akwai Sarkin Makafi a garuruwa, akwai ɗan jagora, kunnensa lafiya lau saboda haka yana zama a makarantar allo ya haddace, wasu har su fi masu ido. Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji ai makaho ne. Malamai kuma ba sa gajiya da tuna mana Suratu Abasa da Ibn Ummi Maktum wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Kurma shi ma yana da nasa, idonsa na aiki, akwai maganar hannu, wadda wasu ke ce wa maganar bebaye, kuma a kasuwa za ki ga mahauci ko mai shayi yana ciniki da bebe da hannu ba wanda ya koya masa a aji. Bebaye suna ɗinki, suna kafinta, suna aure suna haihuwa. To wanda ya rasa duka biyun fa? Shi ne ba mu tanadar masa komai ba. Karatunmu ta kunne yake shiga, maganar hannunmu ta ido take shiga, sai ya faɗa tsakani, a ajiye shi a ɗaki ana ci da shi ana masa wanka ana cewa a bar shi, ai an ɗauke masa alƙalami.

Muna yara akwai irin wannan yarinyar a unguwarmu, ciwo ne ya same ta lokacin zafi tana ƙarama, manya suka ce sanƙarau ce, ta tashi ba ji ba gani. An kai ta wajen masu magani har an gaji, wasu na cewa iska ce. Kakarta ce ta riƙe ta, wata tsohuwa mai saida daddawa da ba ta taɓa jin sunan Helen Keller ba, amma wallahi abin da take yi bai da nisa da na malamar nan. In za a ci abinci ta taɓa mata leɓe, in wanka ne ta shafa mata damtse sau biyu, in za a fita ta ɗora mata hannu a kan takalmi. Yarinyar da awarwaron hannu take gane kakar, mu kuma da ƙamshi ko wari take bambance mu, ni ba ta ƙaunata ko kaɗan don na taɓa ɗauke mata ƙosai, Allah Ya yafe min. Ita ma Helen kafin malamar ta zo tana da alamu wajen 60 da take magana da mutanen gida da su. Bambancin shi ne Anne ta zo da haruffan yatsu, tana rubuta mata kalma a tafin hannu dare da rana ba tare da yarinyar ta fahimci me ake nufi ba, har ranar 5 ga Afrilu 1887 a bakin famfo, ruwa na zuba a hannu ɗaya ana rubuta sunan ruwa a ɗayan, sai abin ya buɗe mata, a ranar kaɗai ta kama kalma 30. A 1904 ta gama digiri a kwalejin Radcliffe, Anne na gefenta tana zuba mata lacca a tafin hannu, kuma suna tare har rasuwar Anne a 1936, shekara 49 kenan.

Kada ki ɗauki marin da fizgar da kika gani a fim ki ce shi ne maganin, masu fim suna son abin da zai tada hankalin mai kallo, mu ma da bulala ke buɗe kai da duk almajiran garin nan sun zama shehunnai. Abin da ya yi aiki shi ne mutum ɗaya da ya ƙi gajiya da hannun yarinya.

Yanzu dai an ɗan samu sauyi, makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, a Kano akwai ta Tudun Maliki da ke ɗaukar kurame da makafi, sai dai galibi ajin makafi daban na kurame daban, mai duka biyun kusan malami guda yake buƙata shi kaɗai. Tunda kin ce ɓangaren ilimin masu buƙata ta musamman kike tunanin ɗauka, ki tambayi malamanku wa ke koyar da maganar tafin hannu, ki ji me za su ce.

Ita yarinyar unguwarmu, da kakar ta rasu babu wanda ya san alamun nan duka, uwarta ta san kaɗan. Na tuna ta yi kwanaki tana laluben hannun duk matar da ta shigo gaisuwa tana neman awarwaron, sai wata maƙwabciya ta ɗauko shi cikin kayan tsohuwar ta sa a hannunta sannan aka samu ta ci abinci. Ki gaida Innarki, ki ce mata ina nan tafe bayan sallah in Allah Ya kai mu.