Hannun gem lafiyarsa ƙalau, yayan ne ya rasu

Wasiƙun wannan makon duk na masu hawaye ne a gaban talabijin. Wanda bai gama wasannin bidiyon da za a ambata a ƙasa ba ya kau da kai, don zan fasa ƙwai.

Daga Kandara, Jidda: Malam, ina buga Brothers: A Tale of Two Sons a PS4. Dab da ƙarshe sandar hagu ta hannun gem ɗin ta daina aiki, ƙaramin yaron kuma ya ƙi tsallake ruwa. Nawa zan tanada na gyaran hannun?

Riƙe riyalinka, ƙanina. Tun farko 'yan'uwa biyu kake sarrafawa: sandar hagu da maɓallin L2 na yayan ne, sandar dama da maɓallin R2 na ƙanin. Yayan ya mutu, da hannunka ka ja gawarsa ka tura ƙasa a kanta, to wa kake so sandar ta motsa? Ƙanin yana tsoron ruwa tun da mahaifiyarsu ta nutse a gabansa, kullum a bayan wansa yake maƙalewa su haye. Kai shi bakin ruwan da sandar dama, sannan ka danne L2, maɓallin mamacin. Zai yi iyo. Da gangan Josef Fares, daraktan wasan, ya tsara shi haka a 2013, don yatsanka ya ji rashin kafin idonka. Wancan yaren nasu da kake jin kamar ka san shi, ƙirƙirarre ne, amma a kan Larabcin Labanon aka ɗora shi. In har yanzu kana shakka, fita babban shafin na'urar ka motsa sandar.

Daga Shara Mansur, Makka: Na gama The Witcher 3 a kwamfuta, Ciri ba ta dawo ba, Geralt ya ƙare shi kaɗai a fadama. Abokaina sun ce nasu ƙarshen daban ne. Na koma sebin (ajiyar inda na tsaya a wasan) na ƙarshe sau uku, bai canja ba.

Ko sau ɗari ka koma ba zai canja ba, ɗan'uwa, domin tun da nisa aka yanke hukuncin. Wasan yana lissafa yadda ka riƙe Ciri, 'yar riƙon Geralt jarumin wasan, a wurare 5 bayan mutuwar malaminsa Vesemir a yaƙin sansaninsu, Kaer Morhen: ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ko ka ja ta shan giya, ka karɓi kuɗin mahaifinta sarki Emhyr a gabanta ko ka ƙi, ka bar ta ta shiga taron matsafa mata ita kaɗai ko ka bi ta, ka ƙyale ta ta farfasa ɗakin binciken malaminta Avallac'h ko ka ce ta yi haƙuri, ka raka ta kabarin Skjall, saurayin da ya taɓa taimaka mata, ko ka ce ba lokaci. Alamu sun nuna ka yi mata riƙon baban da ba ya barin 'ya ta leƙa ƙofar gida.

Amma ba wannan ne ya ɓata mini rai ba. Sebin ɗaya! Mutum ya kwashe makonni yana kwana a gaban wasa, mukayyif na kaɗawa har asuba, duk wahalarsa a rataye a kan F5, maɓallin sebin na gaggawa. Ai F5 danne na baya yake yi. Sebin da wasan ke yi da kansa ma gurabensa kaɗan ne, sabo na shigowa tsoho na fita. Shi ya sa yanzu ba ka da wurin komawa sai bakin ƙarshe, kamar wanda ya tuna da fasfo bayan ya shiga layin jirgi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk sanda wasa ya gargaɗe ka cewa in ka wuce nan wasu ayyuka za su rufe, buɗe menu ka yi sebin a sabon gurbi, kada ka ƙara taɓa shi. A wannan wasan, yi ɗaya kafin tafiya Isle of Mists, ɗaya da zarar an gama yaƙin Kaer Morhen. Duk Juma'a kuma ka shiga Documents, ka buɗe The Witcher 3, ka kwafe foldar gamesaves zuwa filas. Minti ɗaya bai cika ba. Kada ka ce ai Steam, manhajar wasannin kwamfuta, na ajiye maka a intanet: abin da ke kwamfutarka yake kwafa, in ka danne a nan can ma ya dannu. Masu PS5 su lura, na'urar ba ta barin a kwafi sebin wasannin PS5 zuwa filas, sai dai ajiyar PlayStation Plus. Na PS4 ne ke fita ta USB.

Leƙa foldar ka jera fayilolin bisa kwanan wata. In akwai wanda ya riga yaƙin, ka tsira. In babu, sai sabon zubi, kuma wannan karon ka jefe ta da ƙanƙarar.

Daga Madina: An turo mini wani fayil a WhatsApp wai yana tayar da Aerith, jarumar da ake kashewa a Final Fantasy VII.

Goge shi, 'yar'uwa. Tun 1997 ake wannan jita-jitar. A wasan na asali ba a yi hanyar dawo da ita ba, masu kutse suna cusa ta cikin tawaga ne kawai, labarin kuma ya ci gaba da makokinta tana tsaye a gefe.

Daga Riyad: Na so ɗaukar bidiyon wani wurin mutuwa a PS5, sai ta ce an toshe ɗauka. Saitina ne?

A'a. Masu wasan ne suka kulle wurin don irinka da ke ɗorawa a status. Babu saitin da zai buɗe shi. Ajiye jawwal ɗin ka kalla.