Amsoshin Tambayoyinku: Shin cipro ɗan'uwan Trovan ne?

Tambaya: Likita ya rubuta wa maigidana ciprofloxacin saboda ciwon mafitsara. Zan tafi kemis ke nan, maƙwabciyata ta ce ai dangin maganin da aka gwada wa yara a Kano ne. In saya ko in bari? Daga wata uwargida a Fagge.

Amsa: Uwargida, ki saya. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, sai dai rabinta ce. Wanda take nufi shi ne Trovan na kamfanin Pfizer, da aka gwada a Asibitin Zana lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, kuma shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Don haka ba na ganin laifin duk Bakanon da gabansa ya faɗi in an ambaci dangin wannan magani.

Abin da ya kayar da Trovan a kasuwa kuwa hanta ce. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita shi ga masu matsananciyar jinya. Cipro gidansu ɗaya, amma halinsu daban, har yau likitoci suna rubuta shi.

Sai dai shi ma ba alewa ba ne. Yakan taɓa jijiya, musamman agara ta bayan diddige, har ta kai ga tsinkewa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 ko mai shan maganin kumburi irin prednisolone. In maigida ya ji ciwo ko kumburi a wurin, ya ajiye maganin ya koma wa likita a ranar. Kada ya kora shi da madara ko nono, kada kuma ya haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini ko farin maganin olsa na ruwa, don suna hana jiki tsotse shi. A duba lambar NAFDAC a kwali, na 'yan talla a tasha kuwa a bar musu kayansu.

Tambaya: Mahaifina mai ciwon suga ne, an rubuta masa gatifloxacin na ɗigawa a ido. Na ji an ce an hana shi.

Amsa: Ɗan'uwa, gatifloxacin shi ma dangin cipro ne, amma ƙwayarsa ta sha ce aka janye a Amurka a 2006, saboda tana jefa suga sama ko ƙasa ba zato. Indiya ma ta haramta ta a 2011. Na ido yana nan, abin da ke shiga jini daga ɗigo kaɗan ne ƙwarai. Baba ya ci gaba da ɗigawa yadda aka rubuta. In wani mai kemis ya miƙo muku ƙwayar, ku mayar masa.