Zauren Tambaya: Rubutuna ya zauna a Facebook, ko in buɗe shafin kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum ɗiyata. Ni tsohon malamin lakwal ne a Tawa. Tun da na aje aiki nake bin tsofaffi a Illela, Keita da Buza, ina rubuta abin da suka riƙe na tarihin Adar, da karin magana da kirarin garuruwa, ina sakawa a Facebook. Jama'a na karantawa, har ƴan cin rani. Kwanan baya wani ya nemi abin da na rubuta bara a kan tsofaffin rijiyoyin ƙauyensu, na yi ta nema ban gani ba. Ɗana da ke Abijan ya ce zai biya a buɗe mini shafin intanet na kaina. Yaron da zai yi aikin ya nuna mini samfuri, hotuna na shawagi, kiɗa na tashi, amma a wayata ya ƙi buɗewa sai a tasa. Shin ina da bukatar shafin nan? In ina da ita, me zan ce ya yi mini?

Daga wani tsohon mushe, Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kana da bukatarsa, kuma ka karɓi tayin ɗanka tun bai sa kuɗin a wata hidima ba. Amma samfurin nan kada ka karɓe shi.

Facebook kasuwa ce, shafin kanka rumbu ne. Manomin Adar ba ya jibge hatsin shekara a rumfar kasuwa; yana zubawa a rumbu, ranar kasuwa ya auni tiya biyu ya kai. Haka nake so ka yi da rubutunka. An gina Facebook ne don abin da aka faɗa yau, shi ya sa na bara ya nutse maka. Kuma ikon wurin ba naka ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Wannan da sauƙi, sun dawo. Akwai waɗanda ba su dawo ba: kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, wurin da miliyoyin mutane suka gina ƙananan shafukansu; Google ya rufe dandalinsa na Google+ a watan Afrilun 2019; a shekarar kuma MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta. Wasu daga cikin tsofaffin da ka zauna da su, na tabbata, sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka ba ka ba shi da inda za a sake samo shi, don haka bai kamata ya dogara da konti ɗaya da lambar sirri ɗaya ba.

Ba ina cewa ka bar Facebook ba ne. Can mutanenka suke. Ka fara saka rubutu a shafinka, sannan ka ɗauki sakin layi na farko da adireshin ka kai Facebook da rukunonin WhatsApp.

Kafin a taɓa komai, a daidaita maganar mallaka. Sunan shafi haya ake yi shekara shekara. Mai ƙarewa da .com yakan kama dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, akwai kuma .ne wanda shi ne na ƙasarmu Nijar. Da sunanka za a yi rajistar, da adireshin imel naka, lambar sirri a hannunka da na ɗanka. A nan Yamai na sha ganin an zo mini da kuka: wanda ya gina shafin ya yi rajista da sunansa, ya tafi karatu waje ko ya canza lamba, shekara ta cika ba a sabunta ba, shafi ya mutu. Ba mugunta ba ce galibi, sakaci ne, amma asarar ɗaya ce. Tunda biyan da katin banki ake yi, ɗanka ya ɗauki wannan nauyin, ya rubuta ranar sabuntawa inda ba zai manta ba. Wurin zuba rubutun kuwa, Blogger kyauta ne, yana hannun Google tun 2003, WordPress ma yana da tsarin kyauta. Su ma na kamfani ne, sai dai suna barin mutum ya kwashe dukan rubutunsa a fayil guda ya koma wani wuri. Ka riƙa kwasa lokaci zuwa lokaci kana ajiyewa a katin ajiya, littattafanka na hannu kuma kada ka yar.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni. Shafin da ya ƙi buɗewa a wayarka ba wayarka ce ta gaza ba. Yaron ya gina shi ne a kan kwamfutarsa, da rezo mai ƙarfi, ya gwada da idonsa na ɗan shekara ashirin. Mai karatunka kuwa wane ne? Dattijo a Keita mai wayar da gilashinta ya tsage, ɗan cin rani da ya sayi forfen kwana ɗaya yana lissafin kowane mega, ɗalibar jami'ar Djibo Hamani da ke neman abin da za ta sa a bincikenta. Don su za a gina.

Ina da kawu a unguwarmu, duk shafin da na gama sai na kai masa kafin in miƙa wa mai shi. Yana zama ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, ya miƙar da hannu da wayar can nesa da fuskarsa, ya kanne ido ɗaya. Ba na ce masa komai. In na ga ya sa yatsu biyu yana buɗa rubutun, na san haruffan sun yi ƙanana. In ya juya wa rana baya yana kāre wayar da hularsa, launin ne bai fito ba. In ya danna wani abu daban ya buɗe, maɓallan sun matsu da juna. Matasa masu wannan sana'a suna son rubutu mai ruwan toka a kan fari don ya fi kyau a ido, amma a hasken ranar Tawa ɓacewa yake yi. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta sa ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Kai dai ka ce masa baƙi a kan fari, girman harafi kada ya kasa 16. Zai gane.

Hotuna su ne ke cinye forfe. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai mega 3 zuwa 5. Goma a shafi ɗaya, mutum ya ƙona mega 40 bai karanta layi ɗaya ba. In aka rage kowane zuwa kilobait 150, goman duka mega ɗaya da rabi ne, kuma a fuskar waya ba a ganin bambanci. Hoton rijiya ɗaya mai kyau, a rubuta sunan ƙauyen a ƙasansa, ya wadatar. Masu shawagi a cire su. Kiɗan da ke tashi da kansa shi ma a cire, don mutum na iya buɗewa a harabar masallaci ko wurin zaman makoki. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya saka a cibiyar CERN kusa da Janeba, wanda jama'a suka fara gani a 1991, rubutu ne zalla da mahaɗai, kuma har yau kowace waya na buɗe shi nan take.

Ka kuma gwada shi da haruffanmu. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga ɗan akwati a madadinsu ko harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Ya zaɓi wanda ke da su, kamar Noto ko Andika, ya rubuta maka jimla mai ɗauke da huɗun ka gani a wayarka.

Matsalar da ta sa ka rubuto mini, wato neman abin bara, gyaranta tsari ne. A sa akwatin bincike a sama. A kasa rubutun gari gari da fanni fanni, a rubuta sunayen da kalmomi a fili: Tarihi, Karin magana, Kirari. Ƴan layukan nan uku da ake sawa a kusurwar shafi ana ɓoye jerin sassan a bayansu, dattawa da yawa ba su san dannawa ake yi ba. Kowane rubutu ya ɗauki kwanan wata, da garin da ka ji labarin, da sunan wanda ya ba ka in ya yarda a faɗa. Wannan shi ke sa mai bincike ya iya dogara da aikinka. In kana da muryoyin da ka naɗa, ka sa su, don da yawa cikin masu wannan tarihi ba su karanta boko. Amma a rubuta nauyin kowace murya kusa da maɓallin, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna.

Ranar karɓar aiki kada ku zauna a shagonsa. Ku fita bayan gari inda rezo ke rawa, ka buɗe a wayarka, ka nemi rubutun rijiyoyin da kanka ba tare da ya taɓa ba. In ka same shi, ɗanka ya cika masa kuɗinsa.

Tambaya: Anti, ina sayar da jakunkuna da takalman fata a Wadata, nan Yamai. Shafin da za a yi mini, da Faransanci ko da Hausa?

Daga wata ƴar kasuwa, Yamai

Amsa: Ƙanwata, duba saƙonnin masu sayenki na watan nan, harshen da suka fi rubuto miki da shi ya zama na farko, ɗayan ya biyo a ƙarƙashin kowane kaya, layi ɗaya ya isa. Abin da ya fi harshen muhimmanci shi ne ki rubuta farashi da sefa a fili, da girman jakar, ki sa maɓalli babba mai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Kayan da ya ƙare kuma ki cire hotonsa a ranar.