Ɗalibin fim da manyan finafinan kasuwa: akwai abin koyo a cikinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun fim, ina shekara ta biyu. A aji ana nuna mana finafinan da aka ce su ne na ilimi, na Turai da Japan da wasu na Afirka, kuma ina iya ƙoƙarina wajen fahimtarsu. Amma gaskiyar magana ita ce abin da ya jawo ni wannan karatu shi ne manyan finafinan kasada da na soyayya, irin su Titanic da finafinan Indiana Jones da na Indiya. Duk lokacin da na ambaci ɗaya daga cikinsu, sai abokan karatuna su yi mini kallon wanda bai waye ba, suna cewa kayan kasuwa ne kawai. Shin akwai abin koyo a cikinsu, ko kuwa sai na yaye kaina daga gare su? Kuma zan iya rubuta aikin zangon karatu a kan ɗayansu? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Akwai abin koyo mai yawa a cikinsu, kuma za ka iya rubuta aikinka a kan ɗayansu, da sharaɗin ka gane cewa son da kake yi wa fim ba hujja ba ce a gaban malami. Abin da ake nema daga gare ka shi ne ka nuna ta wace hanya fim ɗin ya sa ka so shi. Fim ɗin da aka shirya domin miliyoyin mutane masu harsuna daban-daban ba shi da damar tsayawa ya yi wa kowa bayani, dole ne hoton da kansa ya gaya wa mai kallo inda zai duba, da wanda zai ji wa tsoro, da abin da ke shirin faruwa. Wannan ƙwarewa ita ce tushen sana'ar da kake koyo, kuma a irin waɗannan finafinai aka fi ganinta a fili.

Gardamar da kuke yi a ajinku tsohuwa ce. A shekarun 1950, masu sharhi da dama suna ɗaukar darakta Alfred Hitchcock a matsayin gwanin tsorata mutane domin samun kuɗi, ba su sa shi cikin jerin masu fasaha ba. Matasan da ke rubutu a mujallar Cahiers du Cinéma ta Faransa, wadda aka kafa a 1951, irin su François Truffaut da Claude Chabrol da Éric Rohmer, su ne suka dage cewa shi da darakta Howard Hawks manyan masu fasaha ne duk da cewa a Hollywood suke aiki. Waɗannan matasa su ne daga baya suka yi finafinan da ake nuna muku a aji a yau. Haka kuma Seven Samurai na Akira Kurosawa, wanda ya fito a 1954, fim ne na kasada da faɗa wanda aka kashe wa maƙudan kuɗi kuma jama'ar Japan suka yi tururuwa zuwa kallonsa, kuma George Lucas bai ɓoye ba cewa wani fim ɗin Kurosawa na 1958 ya yi tasiri a kan Star Wars na 1977. Katangar da abokanka suke gani tsakanin ɓangarorin biyu, masu yin finafinan kansu suna tsallake ta kullum.

Tun da ka ambaci Titanic, bari mu tsaya a kansa. James Cameron ya fitar da shi a 1997 bayan an kashe kimanin dala miliyan 200, ya zama fim na farko da ya tara fiye da dala biliyan 1 a gidajen sinima, ya kuma ci kyautar Oscar 11. Waɗannan alƙaluma ba za su amfane ka a rubutunka ba. Abin da zai amfane ka yana cikin wata gajeriyar fitowa a farkon fim, wadda yawancin 'yan kallo ke mantawa da ita: ɗaya daga cikin masu binciken tarkacen jirgin yana nuna wa jarumar labarin, Rose, wadda ta riga ta tsufa, zanen kwamfuta na yadda jirgin ya nutse. Dutsen ƙanƙara ya goge shi ta gefen dama, ruwa ya cika ɗakunan gaba ɗaya bayan ɗaya, goshin jirgin ya yi ƙasa, bayansa ya ɗaga sama, jirgin ya karye gida biyu, sannan ɓangaren baya ya miƙe tsaye kafin ya shige ruwa. Cikin ƙanƙanin lokaci an ba mai kallo taswirar duk abin da zai faru a rabin fim na biyu. Saboda haka idan aka zo lokacin nutsewar, babu buƙatar wani ya yi bayani a tsakiyar ihu da ruwa, domin mai kallo ya riga mutanen cikin jirgin sanin mataki na gaba, kuma wannan sanin ne yake tsinka masa zuciya. Hitchcock ya yi wa Truffaut bayanin wannan ƙa'ida da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya fashe ba wanda ya sani, 'yan kallo za su razana na 'yan daƙiƙoƙi, amma idan aka nuna musu shi tun da fari, hirar banza da ake yi a kan teburin ma za ta riƙe su cikin fargaba na tsawon mintoci.

Soyayyar da abokanka suke rainawa a wannan fim tana yin wani aiki na biyu a ɓoye. An sa Rose a sashen masu kuɗi, Jack kuma a sashen talakawa can ƙasa, don haka duk haɗuwarsu sai ɗaya ya hau ko ɗaya ya sauka. Jack ya hau sashen masu kuɗi ya bi ta babbar matakala mai agogo zuwa liyafar manya, Rose ta sauka wurin rawar talakawa, daga baya suka gudu tare ta ɗakin da ake zuba wa injin kwal har zuwa rumbun kaya. Mai kallo yana jin cewa masoya yake bi, alhali ana zagayawa da shi ne lungu-lungu ana koya masa jirgin. A cikin wani yawo a saman jirgi kuma, maginin jirgin ya amsa wa Rose cewa kwale-kwalen ceto ba za su ɗauki fiye da kusan rabin mutanen ba. Lokacin da ruwa ya fara shigowa, aka ɗaure Jack da ankwa a jikin bututu a ƙasa, Rose ta koma nemansa da gatari a hannu, mun riga mun san nisan da ke tsakaninsu da sama, mun san ƙofofin da ke tsare talakawa, kuma matakalar da muka gani cikin ƙawa ita ce muke ganin ruwa yana cinyewa. Wannan gini ne na mai lissafi. A ganina maganganun fim ɗin ba su kai gininsa ba, kuma mutumin da aka yi wa Rose baiko da shi mugu ne mai fuska ɗaya wanda ba a ba shi wani zurfi ba. Ba mamaki cikin rukunoni 14 da aka zaɓi fim ɗin a gasar Oscar babu na rubutun labari. Ɗalibi nagari zai iya faɗin duka biyun a shafi ɗaya.

Game da Indiana Jones kuwa, ka koma kan Raiders of the Lost Ark na Steven Spielberg, na 1981, ka lura da cewa a mintocin farko ba a nuna fuskar jarumin. Bayansa kake gani, da hularsa, da bulalarsa, sai da ya fizge bindiga daga hannun maci amana da bulalar nan sannan ya fito daga inuwa. Kafin ya furta wata magana mai tsawo an riga an gaya maka ko wane ne shi. A 2014 darakta Steven Soderbergh ya cire wa wannan fim launi da maganganu, ya sa wani kiɗa daban, domin masu koyo su ga cewa ko ba a ji komai ba, mutum ba ya ɓata: kullum ya san wa ke dama, wa ke hagu, da inda haɗarin zai ɓullo. Ka gwada haka da fitowar da ake rigima a kan babbar mota a cikin hamada.

Finafinan soyayya suna rayuwa ne a kan abin da ke hana masoya haɗuwa, kuma masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa, waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna kallonsu tun zamanin gidajen sinima na Kano, sun san wannan ba tare da an koya musu ba. Dubi Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, na 1995, wanda gidan sinimar Maratha Mandir na Mumbai ya nuna fiye da mako 1,000. Jarumin ya ƙi gudu da yarinyar, ya ce sai mahaifinta ya yarda, don haka duk nauyin labarin ya koma kan hannun uban. A farkon fim saurayin ya miƙo hannu daga ƙofar jirgin ƙasa ya jawo ta ciki. A ƙarshe an maimaita wannan hoto, amma yanzu uban yana riƙe da hannunta a bakin tasha, kuma sakin da ya yi mata shi ne warwarar labarin gaba ɗaya. Maimaita hoto ɗaya da sabuwar ma'ana darasi ne da ba ya buƙatar kuɗi, kuma mai ƙaramar kyamara ma zai iya amfani da shi.

Duk da haka abokanka suna da gaskiya ta wani ɓangare. Yawan kuɗin da fim ya tara ba shaidar kyansa ba ce, domin tun daga Jaws na 1975, wanda aka saki a ɗaruruwan gidajen sinima lokaci ɗaya tare da tallar talabijin mai yawa, talla da yawan wuraren nunawa suke taka babbar rawa. Da yawa daga cikin finafinan faɗa na yanzu ana yanka hotunansu da sauri har mai kallo ya rasa wanda ya bugi wani, kuma hayaniya ce ke rufe raunin. Sannan akwai abin da waɗannan finafinai suke cusa wa mai kallo ba tare da ya lura ba. A Raiders, wanda aka ɗauki sassan Masar ɗinsa a Tunisiya, Larabawa galibi taron jama'a ne a bayan fage ko abin dariya, kuma ɗauke kayan tarihin wasu al'ummomi an mai da shi jarumta. Ganin wannan yana cikin aikinka, kuma finafinan Ousmane Sembène na Senegal da ake nuna muku suna daga cikin abubuwan da za su buɗe maka ido a kansa, don haka kada ka yi sakaci da su.

Amma aikin zangon da ka tambaya, shawarata ita ce kada ka ɗauki fim gaba ɗaya, domin za ka ƙare da ba da labarinsa maimakon nazarinsa. Ka zaɓi fitowa ɗaya wadda ba ta wuce minti biyar ba. Ka kalle ta sau ɗaya kamar kowane ɗan kallo, ka rubuta daidai wurin da zuciyarka ta motsa, sannan ka yi mata abin da tela yake yi wa rigar da ta burge shi, wato ka juya cikinta waje ka bi ɗinkin. Ka kashe sauti, ka ƙirga sau nawa aka yanka hoto, ka zana inda kowa yake tsaye da inda aka ajiye kyamara, ka lura da lokacin da aka matso kusa da fuska da dalilin matsowar, sannan ka mayar da sautin ka ji daidai inda kiɗa ya shigo. Daga nan ka koma baya cikin fim ɗin ka nemo wurin da aka fara shuka abin da wannan fitowa take girba. Idan Titanic ka zaɓa, zanen kwamfutar nan na farko tare da lokacin karyewar jirgin sun ishe ka shafi goma, kuma ka kai wa malaminka zanen da ka yi tare da rubutun tun kafin ka kammala, domin ya ga a kan me ka dogara.